Sunan Yayanku a Bakin Shinge

Tun da Allah ya karɓi ran Goggonku Hanne nake so in zauna in rubuta muku abin da ya faru a hanyar Funtua, shekarar da aka ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu. Tana raye ba zan iya ba, za ku kuma ga dalili kafin in gama. Na san kowannenku ya ji labarin, amma a bakin wasu kuka ji shi. Ke Ladi kina Zariya a lokacin, kai Bulus kana wurin aiki a Kano. Jikoki kuwa abin da suka tsinta a gidajen biki shi ne wai kakarsu ta taɓa tsayawa a tsakiyar titi tana sa-in-sa da 'yan sanda, mijinta na kwance a bayan mota rai a hannun Allah, har ta buɗe baki ta kira sunan surukinta kowa na ji. Ba ƙarya aka yi mini ba, rabin maganar dai aka faɗa. Ni ce na tsaya a titin, don haka ni zan faɗi sauran.

Sai na fara da abin da ku yaran yanzu kuke yi wa dariya. A gidan da na tashi, da gidan da aka kawo ni aure a gabas da Malumfashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta cewa nata ne. Shigar iyayenmu addinin Kirista bai taɓa wannan ba, maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke, a nan kam ba mu da bambanci da su. Yayanku kuwa abin biyu ya haɗu a kansa, domin ranar suna fasto ya raɗa masa sunan kakanku, mahaifin babanku, sunan da ko a mafarki ba zai fito daga bakina ba. Da aka yaye shi, Goggo Hanne, yayar babanku, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta, can ya girma. Mutanen gida suna ce masa Baba Ƙarami. Ni ko wannan ban iya faɗa ba, idan ta kama dole sai in ce na wajen Goggo. Shi kuma ya taso ya ji ƙannen babanku suna kirana Yaya, sai ya ɗauka, har yau da furfura a gemunsa Yaya yake ce mini. Kada ku ce ƙi ne. Duk ranar da aka yanka zabo a gidan nan, cinyoyin suna ƙarƙashin tuwon da nake aikawa gidan Goggo, in ce na tsohuwa ne, alhali kowa ya san tsohuwa ba ta da haƙoran cin zabo.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne rediyona. Kun san shi, wanda aka ɗaure bayansa da roba. Akwai wani shiri da ake yi duk mako, wata lauya ce ke amsa tambayoyin mutane a kan doka, ni kuma ina jin daɗinsa idan ina ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale. Babanku ya mai da abin na tsiya. Da ya shigo ya ji muryar matar sai ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula.

"Ranki ya daɗe, lauyar tsakar gida. An yanke wa awaki hukunci, ko sai gobe?"

Ni kuwa ba don nishaɗi kawai nake saurara ba. Kun tuna Asabe, wadda muke gayyar noma tare. An taɓa sauke ɗanta daga motar haya a wani shinge, mota cike da mutanen da suka san shi tun yana rarrafe, kowa ya sunkuyar da kai, direba ya ja mota. Ba wanda ya tambayi laifin da ya yi, ba wanda ya tambayi inda za a kai shi. Asabe ta yi watanni tana bin ofis-ofis, duk inda ta je a ce ba a san da shi ba. Da aka gano shi a ƙarshe, a wani gari mai nisa, ba a same shi da komai ba, amma yaron da ya dawo ba shi ne ya tafi ba, har yau ba ya iya zama cikin taro. Shi ya sa ranar da lauyar nan ta yi bayani a kan tsayarwar hanya, na ajiye tasar gyaɗa. Ta ce kada mutum ya gudu, kada ya yi zagi, kada ya taɓa rigar ma'aikaci, ya bari a duba abin da za a duba. Amma idan an ce za a tafi da mutum, doka ta ce a faɗa masa dalili, a kuma sanar da danginsa inda za a ajiye shi. Ta ce ba laifi ba ne ka tambayi ma'aikaci sunansa da ofishinsa cikin ladabi, kuma wanda aka kama yana iya cewa ba zai ba da bayani ba sai wani nasa ko lauya na wurin. Na haddace wannan kamar yadda na haddace ayoyin da aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, ban kuma san ranar amfaninsa ba.

Shekarar ta zo mana da wuya. 'Yan bindiga sun matsa wa ƙauyukan yamma, hukuma ta ɗauke sabis, ta hana sayar da fetur a jarka don kada a kai musu daji. Shingaye suka yawaita a kan titi. Damina ta yi kyau, masara ta nuna, an fara karya. Da safen nan babanku ya fita gonar bayan gari da kwandonsa, ba a daɗe ba aka kawo shi a amalanke, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, yana kallona yana son magana ba hali. Ya daɗe da hawan jini, likitan da ke duba shi kuma a Funtua yake. Ba waya, ba yadda za a kira kowa. Maƙwabcinmu Alhaji Sani, mai sayen hatsi, bai tsaya jin ƙarshen bayani ba ya jefa wa yayanku makullin a-kori-kurarsa, da ma yakan tuƙa masa ita lokacin kaka. Aka shimfiɗa katifa a baya, aka kwantar da babanku, na zauna na ɗora kansa a cinyata. A cikin gaggawar nan ba wanda ya ɗaga tamfol ɗin da ke kusurwar motar ya ga abin da ke ƙarƙashi.

Mun wuce Malumfashi, ba mu kai Bakori ba, a wani wuri da titi ya ratsa gonakin masara hagu da dama, muka tarar da shinge. Buhunan yashi, katako mai ƙusoshi, motar sintiri a gindin wani maɗaci. Yayanku ya tsaya, ya gaishe su, ya miƙa lasinsa da takardun mota, ya ce marar lafiya muke ɗauke da shi. Wani matashin ɗan sanda ya zagayo baya, ya dubi babanku, fuskarsa ta ɗan yi laushi, har ya ɗaga hannu zai ce mu wuce. Sai ya sa bakin bindiga ya ɗaga tamfol. Jarka ce cike da fetur, ta injin ban-ruwan Alhaji, yaransa suka manta da ita a ciki. Nan take komai ya canja. Aka sauke yayanku aka kai shi gefe, takardun mota kuma ga su da sunan wani mutum dabam wanda ba a iya kiransa a waya.

Ina so ku ji wannan da kyau, domin ba na son ku ɗauka mugayen mutane muka haɗu da su. Shugabansu, wani sufeto, ba ɗan ƙasar Hausa ba ne, a bakin aiki ya koyi Hausa. Idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Daga baya na ji an kashe musu abokan aiki a wannan hanyar ba da daɗewa ba, an kuma gaya musu masu kai wa 'yan daji mai sukan ɗauko tsofaffi da marasa lafiya su fake da su. Da ya zo wurina, abin da yake son sani ɗaya ne, ko direban nan namu ne ko kuwa haya muka yi shi.

"Mama, wannan mutum da ke tuƙi, mene ne shi a wurinki?"

"Ɗan gidanmu ne, Yallaɓai."

"Ya ce ke ce mamansa. Amma na ji ya kira ki Yaya. Ɗanki ne?"

Kan babanku na kan cinyata, idonsa a buɗe. Na sunkuyar da kai, bakina ya faɗi abin da ya saba faɗa.

"Na wajen Goggo ne."

"To, mene ne sunansa?"

Na yi shiru. Ba shawara na yi ba, ba tsoro ba ne kuma. Harshen ne ya yi nauyi, kamar a ce wa mace ta kwance zaninta a kasuwa. Sufeto ya dubi lasin da ke hannunsa, ya dube ni, ya sake tambaya, na sake yin shiru. Sai ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano abin da yake nema. Ya juya ya yi magana da Turanci, na ji ƙarar ankwa. Ina kallo aka tura yayanku bayan motar sintiri, aka zaunar da shi ya ba mu baya, bai ce uffan ba, bai ko waiwayo ba. Shi ma kunyar ce ta riƙe shi, ba zai ce wa baƙo uwarsa ba ta faɗin sunansa ba.

Sufeto bai bar mu a rana ba, wannan zan faɗa masa ko a gaban Ubangiji. Ya tsayar da wata motar haya da ta taso daga Malumfashi, ya ce direban ya sauke mutum biyu ya ɗauke mu zuwa asibiti, kyauta.

"Mama, ki tafi da tsoho. Wannan kam aikinmu ne, ba ruwanki."

Ga mota a buɗe, ga Funtua ba nisa, ga mijina yana numfashi da ƙyar. Ga kuma ɗan Asabe yana yawo a kaina. Na san idan na shiga motar nan, ba wani mahaluki da zai iya gaya mini inda aka kai yayanku, domin ba waya, ba wanda ya san sunan ma'aikatan, ni kaina an riga an rubuta ni a matsayin wadda ba ta san shi ba. Ban iya zaɓa ba. Na zauna kamar an dasa ni, har direban hayar da wani fasinja suka hau bayan a-kori-kurar za su ɗaga babanku.

To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da suka kama katifar, babanku ya miƙa hannun hagu, wanda ya rage masa, ya damƙe ƙarfen gefen motar. Direban ya ce, "Baba, saki, asibiti za mu kai ka." Bai saki ba. Fasinjan ya sa hannu yana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana ɓamɓare wannan wancan na komawa. Hannun manomi ne, kun san shi. Na duƙa na dubi fuskarsa, sai na ga ba ni yake kallo ba, ya murɗa ido iya ƙarfinsa yana kallon motar da ke gindin maɗaci. Na yi zama da mutumin nan tun ina yarinya, ba na bukatar ya yi magana. Na zare cinyata na sa masa ɗankwalina a ƙarƙashin kai, na ce wa direban hayar Allah ya saka masa, ya tafi da fasinjojinsa. Sannan na sauko.

Ban ɗaga murya ba, ko da me aka gaya muku. Na tsaya nesa da sufeto kaɗan, hannuwana a gaba inda zai gan su.

"Yallaɓai, ban zo hana ka aikinka ba. Jarka kun gan ta a motarmu, ba mu yi musu ba, ku bincika. Amma ina roƙon ka faɗa masa, ina ji, da wane laifi kuka kama shi. Ka kuma faɗa mini ofishin da za ku ajiye shi."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Matashin nan ya yi dariya, ya ce tsohuwa ta zama lauya.

"Ni ba lauya ba ce, ɗan nan. Amma doka ta ce a faɗa wa mutum dalilin kama shi, a kuma faɗa wa danginsa inda yake. Ga sunanka nan a ƙirjinka, Yallaɓai, na iya karatu, na karanta. Ba don sharri ba, don in san wanda zan tambaya idan na zo."

Na faɗi sunansa a hankali, na sake faɗa don ya zauna mini. Ba zan rubuta shi a nan ba, mutumin bai cuce ni ba. Fuskarsa ta ɗaure, ya ce in matsa. Na matsa baya taki kaɗan na sake tsayawa. Ya ce in hau mota, na ce ba mai tuƙa ta. Ya tafi ya tsayar da wasu motoci, ya duba su, ya sallame su, ya dawo ya same ni a inda ya bar ni. Haka muka yi ta yi, hantsi ya ɗaga, inuwar maɗacin nan tana ta janyewa, ni kuma rabin hankalina na bayan a-kori-kura ina sauraron numfashin babanku. Wannan jinkirin ne Goggo ta riƙe a kaina har ta koma ga Allah, kuma ba zan ce gajere ne ba. A ƙarshe sufeto ya gaji, ya zo ya tsaya a gabana.

"Mama, kin ce doka. To, doka ta ce dangi. Ke ba danginsa ba ce. Na tambaye ki ko ɗanki ne, ba ki ce e ba. Sunansa ma ba ki sani ba. Me ya sa zan faɗa miki komai?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa maganar ta soke ni. Duk abin da na haddace a rediyo a kan kalma ɗaya ya rataya, ita ce kuma kalmar da na yi shekara da shekaru ina kewaye ta. Motoci sun taru a bayan shingen, a cikinsu har da 'yan garinmu masu zuwa kasuwa, sun leƙo kai suna kallo. Mijina na kwance kusa da ni, kunnensa lafiya lau. Na ɗaga kai na dubi sufeto ido cikin ido, abin da ban taɓa yi wa baƙon namiji ba.

"Ɗana ne. Ni na haife shi, a ɗakin da ke kusa da rumbu, ranar wata Lahadi ana ruwan sama."

Sannan na faɗi sunan. Nasa, wanda shi ne na kakanku, na haɗa da na babanku a bayansa kamar yadda yake a lasin. Muryata ta fito da ƙarfin da ban nufa ba, har wanda ke bayan motar sintiri ya ji. Na ga kafaɗunsa sun motsa, ya sunkuyar da kai har ƙasa. Wata mata 'yar garinmu ta rufe bakinta da gyale.

Akwai wani dattijon saje a wurin, Bahaushe, tun farko yana gefe wajen buhunan yashi bai sa baki ba. Shi ne ya kau da fuska kamar shi aka kunyata, sannan ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Oga, ɗan fari ne. A nan ba sa faɗa. Uwata ma har ta rasu ba ta faɗi nawa ba."

Na so in tambaye shi inda bakinsa yake tun da hantsi, amma na bar shi, shi ma a ƙarƙashin wani yake. Sufeto ya daɗe yana kallon lasin. Bai saki yayanku ba, kada ku ji an ce na kayar da 'yan sanda. Abin da ya yi shi ne ya kira shi ya faɗa masa, ina tsaye, cewa an kama shi ne saboda fetur a jarka da motar da ba a tabbatar da mai ita ba. Ya faɗa mini ofishin da za a ajiye shi a cikin Funtua. Ni kuma, tunda baki ya riga ya buɗe, na juya na yi wa yayanku magana kai tsaye, na ce kada ya sa hannu a kan wani bayani sai Alhaji ko fasto na wurin. Sufeto ya ji, bai hana ba. Ya sa aka cire ankwa, ya ce yayanku ya tuƙa mu asibiti, sajen nan ya zauna kusa da shi, daga can su wuce ofis. Da na hau baya, hannun babanku na nan a kan ƙarfen, yatsun sun yi fari. Sai da ya ji ƙofar direba ta rufe, inji ya tashi, sannan ya saki. Hawaye na bin gefen idonsa, ban sani ba ko na ciwon ne ko na abin da ya ji na faɗa.

A tashar Funtua na samu wani direban garinmu na ba shi saƙo ya kai wa Alhaji da fasto. Washegari Alhaji Sani ya zo tare da fasto, a mota ɗaya, suka nufi ofishin da aka faɗa mini, suka tambayi ma'aikacin da na faɗa musu sunansa. Ba su sha yawo ba. Alhaji ya amsa cewa mota tasa ce, jarka tasa ce, ya sha faɗa, aka riƙe jarkar, aka ba su yayanku kafin rana ta faɗi. Da ƙafarsa ya shigo ɗakin da babanku ke kwance, ba ko ƙwarzane a jikinsa.

Babanku bai sake magana ba. Likita ya ce irin wannan ciwon ba ya son jinkiri, da an iso da wuri da wataƙila an ceto wani abu. Bai faɗa don ya zargi kowa ba, amma Goggo na wurin. Labarin shinge kuma ya riga mu isa gida. Muka dawo da shi, ya ga an shigar da masara rumbu, ya ga an sare dawa, kafin Kirsimeti Ubangiji ya kira shi. Ranar da aka share makoki, Goggo ta same ni a ɗaki, mata cike.

"Kin tsaya surutu da maza a titi, ƙanena na mutuwa. An ba ki mota kin ƙi. Kin kuma buɗe baki kin kira sunan ubanmu a gaban ɗansa, shi ne abu na ƙarshe da ya ji daga gare ki yana da ƙarfinsa. Da kin tafi, ai yaron ba zai ɓata ba, namiji ne."

Ban gaya mata maganar ƙarfen ba. Da na ce mata ƙanenta ne ya riƙe ƙarfe ya ƙi a ɗaga shi, da ta rasa wanda za ta yi fushi da shi sai mamaci, ko kuma yaron da ta goya a bayanta. Tsohuwa ce, su biyun nan ta fi ƙauna a duniya. Na ga gara ta riƙe ni. Ta kuwa riƙe, ta daina cin abincin da na aika, a majami'a ta canja benci. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ita ce ta yi mini wankan jego, kuma ina ƙaunarta. Har ta kwanta ciwon ajali ba mu koma kamar da ba, ko da yake ni na yi jinyarta, kuma a hannuna ta sha ruwa na ƙarshe.

Shi ma yayanku bai san da maganar ƙarfen ba, ya ba mu baya a lokacin. Na ɓoye masa don kada ya ɗauka shi ya ci kwanakin ubansa. Yanzu ya girma, 'ya'yansa sun tasa, zai gane cewa ba a tambayi ra'ayinsa ba, ubansa ne ya ga dama da hannun da ya rage masa. Ladi, ke za ki karanta masa wannan, ki kuma bari sai ba na wurin. Ku sauran, idan aka tsayar da ku a hanya, ku gaishe su, ku bari su duba, kada ku yi gardamar banza. Amma idan za a tafi da wani naku, ko ma wanda kuka shiga mota tare, kada ku sunkuyar da kai. Ku tambayi dalili, ku tambayi wuri, ku riƙe suna.

Sau ɗaya tak ya taɓa ɗauko mini zancen. Bayan rasuwar babanku ne, ina zaune ina tsince wake, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, yana kallon ƙasa.

"Yaya, sunan nan, ashe kin san shi?"

"Ina bayan zana lokacin da aka raɗa maka shi. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Ya tashi yana murmushi, yana share ido da bakin hularsa. Bai daina ce mini Yaya ba, ni ma ban sake faɗa ba, a nan ma kun ga ban rubuta ba. Kunyata tana nan inda na same ta, ban yar da ita a titi ba. Sai dai duk ranar da na ji an ce ya hau hanyar Funtua da hatsin Alhaji, nakan ajiye aiki in zauna a bakin ɗaki ina maimaita sunan a zuci har in ji tsayawar motarsa, don kada wata rana a sake tambayata bakina ya yi nauyi.